Ranar da Mai Balan-balan Ya Zama Janar

Masu karatu, ku yi haƙuri, yau babu babi na goma sha uku. Na ga saƙonninku. Na ga wadda ta rantse za ta fita daga guruf ɗin in ban saki babin ba, na ga wanda ya tambaya sau huɗu ko Janar zai danna maɓallin ko ba zai danna ba. Janar ba zai danna komai ba yau, domin ni ce na danno abin da ya fi ƙarfina.

Wata takwas kuna karanta Gobarar Falaki da sunan Gamzaki, ba ku san mace ce ko namiji ba. To mace ce. Shekarata ashirin da shida, ni ce auta a gidanmu, kuma a shagon tabarau nake aiki, ina goge gilashi ina ce wa mutane su rufe ido ɗaya su karanta layin ƙasa. Ban taɓa ganin roka ba sai a waya. Ku gyara zama, yau nawa labarin zan ba ku, kuma ko gishiri ban ƙara masa ba.

A shagon na haɗu da shi. Ya shigo da tabarau wanda ya ɗaure hannunsa ɗaya da wayar wuta, ya ce a sa masa kusa kawai, gilashin lafiyarsa lau. Ina cikin ɗaura kusar sai ya ga 'yar tocilar da muke haska ido da ita a kan teburi, ya ɗauka yana jujjuyawa, ya ce wai ko na san akwai ƙasashen da ke harba hasken leza daga ƙasa su kashe wa tauraron ɗan'adam ido, ya kasa ɗaukar hoto. Ni kuwa abin da na tambaye shi ke nan ko firam ɗin yana matse masa kunne.

A ofishin hasashen yanayi yake aiki, can kusa da filin jirgi. Kullum da safe yakan hura wata ƙatuwar balan-balan fara da iskar gas, ya ɗaura mata wani ɗan akwati mai auna zafi da gudun iska, ya sake ta sama, ya koma gaban kwamfuta yana duban lambobin da take aikowa. Da yamma ya sauko da hotunan gajimare daga tauraro. Aikin ke nan. Ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai dai ya ce "akwai yiwuwar". Shi ya sa a wayata na sa masa suna Hasashe.

'Yan mata, ku samarinku suna turo muku "kin ci abinci?" da hoton fure. Ni ga irin nawa: "Barka da rana. Kin san an taɓa ɗora bindiga a jikin tashar sararin samaniya, har aka gwada harba ta?" Washegari: "Ƙasashe da dama sun harbe tsofaffin taurarinsu da makami mai linzami don kawai a san sun iya. Tarkacen wasu na can yana zagaye, ya fi harsashi gudu." Wata rana na yi sabon ɗinki, doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, na tura masa hoto. Ya ce ta yi kyau ƙwarai, sannan ya ɗora da cewa yarjejeniyar da aka yi tun kafin a haife mu ta hana kai makamin nukiliya sama, amma sauran makamai ta bar musu ƙofa a buɗe.

Kada ku ɗauka son yaƙi yake. Tsoronsa yake ji. Ya ce in tarkacen nan ya bugi tauraron da ke nuna masa gajimare, ranar da guguwa za ta taso ba wanda zai sani sai ta ɗauke rufin gidansa. In yana wannan maganar har muryarsa takan yi ƙasa.

A lokacin kuwa labaran soyayyata sun mutu murus. Na rubuta guda uku, mutum goma sha ɗaya ke karantawa, biyu daga ciki ni ce da wata wayar. Sai wata rana ina duba saƙonninsa na ga ashe littafi guda ake zubo mini kyauta. Na kwashe leza, na kwashe bindiga, na kwashe tauraron nan da ya ce yana laɓaɓawa ya je kusa da ɗan'uwansa yana leƙensa, na haɗa da wata budurwa mai manyan idanu. Sauran kun san shi, ku dubu tara da ɗoriya.

Inda na yi wauta shi ne wajen ƙera Janar. Maimakon in ƙirƙiro mutum, sai na ɗauki wanda ke zaune a falonmu duk Asabar. Janar ɗina yana ɓoye kansa a matsayin ma'aikacin hasashen yanayi. Yana sakin balan-balan da safe don aika umarni sama. Ba ya shan shayi da sukari. Yana da tabo a girar hagu. Kuma a babi na tara na ba da tarihin tabon: yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, wani ya ce masa ta tafi sama, shi ne ya hau rufin ɗaki don ya hango ta, ya zamo ya faɗo a kan bakin bokiti. Kun yi ta turo mini fuskar kuka a kan wannan wurin, kuna cewa Gamzaki ta iya tsara zance. Ban tsara ba. Shi ya faɗa mini wata yamma a bencin ƙofar shago, yana kallon takalminsa, ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba.

Bari in kai ku gidanmu. Mama ba ta taɓa kiran sa da wani suna ba sai Mai Balan-balan. Ta ce duk mazan duniya in rasa wanda zan kawo mata sai ƙato da gemunsa wanda ake biya don ya yi wasan yara. Tana da ɗan ƙawarta mai shagon tayil da ta ajiye mini, duk sati sai an ba ni labarin sabuwar motarsa kamar ni na tambaya. In Hasashe ya zo, a kofin roba ake kai masa shayi, kuma sai ya huce. Baba, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, ba ya cewa komai sai dai ya ɗaga jarida. Sai Gwaggo, yayar Baba, mai guruf goma sha huɗu da wayar da kullum take kukan ta cika. A wurinta duk abin da aka rubuta "a yaɗa" a samansa ya gama zama gaskiya.

Ranar Talatar da ta wuce ina shirin fita aiki, na sa takalmi ɗaya ke nan, Gwaggo ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, mayafi a kafaɗa ɗaya. Ta ja Mama zuwa kicin, ta aiko a kira ni. Ta ce in rufe taga. Sannan ta miƙo mini waya.

Babi na tara ne, nawa, harafi da harafi. An yanke sunan littafin, an yanke Gamzaki, wani bawan Allah ya ɗora masa sabon kai da manyan baƙaƙe: ASIRI YA TONU, JAMI'IN MAKAMAN SAMA YANA ZAUNE A CIKINMU, A YAƊA KAFIN A GOGE. Wanda ya yi wannan aikin, in kana cikin masu karanta ni yanzu, na bar ka da Allah.

Mama ta tambaye ni a wace gira tabon Mai Balan-balan yake. Na ce ta hagu. Ta tuna da kanta cewa sau uku tana sa masa sukari yana barin shayin. Gwaggo ta buga cinya ta ce ita dama tun ranar da ta fara ganin sa ta san wannan shirun ba na banza ba ne, ruwan da ya yi shiru shi ke cin mutum.

A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma Baba ya taɓa cewa marubutan waya maƙaryata ne masu data, kuma a babi na bakwai Janar ya riƙe hannun budurwar har shafi uku. Wannan shi ne uzurin da na ba kaina. Gaskiyar ita ce na kalli fuskar Mama na ga abin da ban taɓa gani ba in an ambaci Hasashe. Ta dafa ƙirji, ta ce a hankali, "Ashe babban mutum nake bai wa shayi a kofin roba." Wallahi daɗi na ji. Na sa ɗaya takalmin na tafi aiki.

Daga ranar gidanmu ya koma bariki. Mama ta hana shanya tsofaffin zannuwa a tsakar gida, ta ce ana kallo daga sama, kada a je ofis a ga abin kunya. In za a yi gulma sai an shiga ɗaki an saki labule. Gwaggo kan saka wayarta a tukunya ta rufe kafin ta ambaci sunan mijinta. Ɗan ƙawar Mama mai tayil kuwa ya ɓace daga bakinta kamar ba a taɓa haihuwarsa ba, da na gwada tambayar motarsa sai ta ce mota ai a ƙasa take tafiya.

Ta ce in gayyato Hasashe cin abincin rana ranar Asabar. Na tura masa, ya amsa: "Mama da kanta? Akwai yiwuwar kin yi kuskuren ji."

Ranar Asabar aka buɗe kabad ɗin gilashi aka fito da farantan nan masu bakin zinariya waɗanda tun da aka haife ni ban ga an ci komai a cikinsu ba. Aka canza labulen falo. Aka yi shinkafa da kaza biyu. Baba ya sa kwat ɗinsa ta zamanin aiki, tana warin kafur. Ni na sa rigar nan ruwan zuma.

Ya iso ƙarfe ɗaya daidai da rigarsa shuɗiya mai gugar da za ta yanka hannu, da ledar lemo. Ya nufi kujerar roba ta bakin ƙofa inda ya saba zama, Mama ta tare shi ta kai shi kujerar Baba. Ya kalle ni, na kalli kafet.

Gwaggo ce ta fara. Ta matso, ta rage murya, ta nuna silin da ɗan yatsa. "Ɗana, ya aikin? Na can nake nufi."

"Alhamdu lillahi, Gwaggo. Akwai yiwuwar iska mai ƙarfi daga gabas farkon mako."

Gwaggo ta kalli Mama, Mama ta gyaɗa kai. Na ga bakin Gwaggo yana maimaita "daga gabas" don kada ta manta.

Ba a kai rabin faranti ba ta shigar da buƙatarta. Maƙwabcinta yana da janareta mai ƙarar tsiya, ta yi magana har ta gaji. Ta ce ita ba ta ce a taɓa mutumin ba, yana da iyali, janaretan kawai, a ɗan haska masa abin nan na daƙiƙa biyu. Hasashe ya ajiye cokali ya yi mata bayani da ladabi cewa shi balan-balan yake saki, kuma abin da ke cikin akwatin bai wuce ma'aunin zafi da batir ba. Mama ta ƙara masa cinyar kaza ta ce, "Mun gane, ɗana. Ba sai ka faɗa ba. Mu ma mun iya riƙe sirri."

Da abin ya tsaya nan da wataƙila na tsira. Sai Baba ya gyara kwat ya tambaye shi, tsakani da Allah, wai da gaske akwai makamai a sama. Jama'a, kamar ka tambayi mai ƙaiƙayi ko yana son susa. Hasashe ya ture faranti. Ya ɗauki lemo ɗaya ya ce wannan ce duniya, ya ɗauki murfin kwalba ya ce wannan tauraro, cokali ya zama makami mai linzami. Minti ashirin yana bayanin yadda ake toshe siginar da jirage ke bi, da yadda ɓallin ƙarfe kamar ƙwayar wake zai iya huda tauraro sukutum, da dalilin da ya sa kowace ƙasa ke cewa nata na kare kai ne. Ina ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi, ashe ƙafar teburin nake takawa. Gwaggo har da hawaye. Ta ce ilimi irin wannan ba a gidan balan-balan ake samun sa ba.

Sannan ta ce amana ta sa dole ta sanar da shi cewa an fallasa shi. Ta ciro waya daga jaka ta miƙa masa.

Ya fara karantawa yana murmushi. Ya ce ai wannan saƙon ya shigo guruf ɗin ofishinsu tun ranar Alhamis, kan labarin kawai ya gani, abokan aiki suna ta sara masa a baranda yana dariya. Yana magana yana jan rubutun sama da yatsa. Sai murmushin ya tsaya. Na san layin da ya kai, domin ni na rubuta shi. Ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, abin da na sha hana shi, ya mayar. Ya karanta har ƙarshe.

"Baba, wannan ƙagaggen labari ne," ya ce. "Amma rufin ɗakin gaskiya ne. Kuma mutum ɗaya na taɓa faɗa wa."

Bai kalle ni ba. Mama kuwa "gaskiya ne" kawai ta ji, ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Ya yi musu godiyar abinci, ya ce akwai aikin da ke jiran sa. Gwaggo ta ce a bar shi ya tafi, ƙasa na buƙatarsa.

Na bi shi har bakin get. Ya tsaya kusa da babur ɗinsa yana juya makulli a hannu. Sai ya ce tauraron da na sa a babin, wanda ke ƙasa-ƙasa haka, ba ya tsayawa cak a kan gida ɗaya, wucewa yake yi, in gyara wannan wurin. Na ce to. Na fara ba shi haƙuri, kalmomin suna hawa kan juna.

"Makaman nan na duniya ne," ya ce. "Ki kwasa, ban hana ki ba, da kin tambaye ni ma da na ƙara miki. Amma mahaifiyata tawa ce."



Ya ce kuma ba kowa ke dariya a ofis ba. Jiya masu tsaron filin jirgi sun zo sun buɗe akwatin balan-balan ɗinsa suna leƙawa, darakta ya ce zai neme shi. Shekara bakwai yana aikin nan ba a taɓa kiran sa ofishin darakta ba. Ya hau babur, sannan ya ƙara da cewa ba zai sake zama a kujerar da aka ba wani mutum daban ba. "Kofin robar nan ya fi mini. Aƙalla ni aka ba."

Washegari da safe na sami Mama da Baba a falo, Gwaggo ma ta dawo jin ko iskar gabas ta fara. Na durƙusa na faɗi komai, Gamzaki, babi goma sha biyu, masu karatu dubu tara, har da riƙe hannun. Na buɗe wayata na nuna musu inda na rubuta da ranar da na rubuta.

Mama ta ce, "Wato balan-balan ɗin dai balan-balan ce." Na ce e. Ta tashi ta kwashe faranta masu bakin zinariya daga kan teburi ta mayar kabad ta murɗa makulli. Tun daga lokacin ko tari ba ta yi a gabana ba.

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce ta san irin wannan, in asiri ya tonu sai a nemo wata a ce ita ta ƙirƙira, kuma ta yaba da yadda na haddace abin da aka ba ni. Ta yafa mayafi ta tafi, a bakin ƙofa ta ce in tuna masa maganar janareta.

Baba ya ce in tura masa littafin gaba ɗaya don ya ga girman laifin. Ya shiga ɗaki ya rufe. Bayan awa uku ya fito ya ce a babi na huɗu na sa an buga wa wasiƙa hatimi bayan an jefa ta a buhu, kuma ba haka ake yi ba, duk wanda ya yi haka a zamaninsa sai ya sha takardar gargaɗi. Ya koma ciki. Har yanzu ban san ko an yafe mini ba ne ko hukuncin bai fito ba.

Na cire labarin rufin ɗakin daga babi na tara. Wanda ya adana shi, don girman Allah ya goge. Ba nawa ba ne, sata na yi, kuma a wurin wanda ya fi kowa yarda da ni. Ina roƙon ku ku yaɗa wannan bayanin da irin saurin da aka yaɗa wancan, ko da yake na san gaskiya ba ta da babur.

Saƙo goma sha bakwai na tura wa Hasashe tun ranar Asabar. Duk ya buɗe, bai amsa ko ɗaya ba. Yau a shago na ba wani dattijo tabaran wata mata, ya fita yana laluben bango, mai shagon ya ce in tafi gida in huta. Ina shiga falo, ban ko ajiye jaka ba, waya ta yi ƙara. Saƙon Hasashe ne, babu sallama, babu barka da yamma.

"Darakta ya karanta babi goma sha biyun duka. Ya ce in zo masa da marubuciyar gobe ƙarfe tara. Ban san ko kora ce ko mene ne ba. Zan zo ƙofar gida takwas da rabi. Ki zo da katin shaida."

Na zauna a hannun kujera. Ban san a fili na karanta ba sai da na ji an daina yanka albasa a kicin. Mama ta fito da wuƙa a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona daga sama har ƙasa. Na ɗauka faɗan da ta tara na kwana biyu za ta sauke. Ta goge hannu a zaninta, ta ce:

"Shi daraktan, yana da iyali?"